Zaɓen lens mai faɗin gani don hoton mutane: jagora ga sabon mai hoto

Idan sabon mai hoto ya sayi lens mai faɗin gani ya shiga da shi biki, ƙorafin da ke biyo baya bai cika wuce uku ba. Amarya ta ce hancinta ya ƙara girma. Gwaggon da aka tsayar a ƙarshen layi ta ce an yi mata ƙibar da ba ta da ita. Ango kuwa ya tarar da kansa da ƙaton kai da 'yan guntayen ƙafafu. Daga nan mai hoto ya ɗora wa lens laifi, ya sayar da shi a kan asara, ya sayo wanda ya fi tsada, hotunan su sake fitowa yadda suka fito jiya. Yaran da ke zuwa koyon aiki a wurina suna ta maimaita wannan bi da bi, shi ya sa na ga gara in rubuta hanyar da nake bi da su kafin su fitar da ko sisi.

Magana ɗaya za ka ji ina ta nanatawa. Tazarar da ke tsakaninka da mutum ita ke gyara fuskarsa ko ta ɓata ta. Aikin lens shi ne yanke maka faɗin abin da zai shiga hoto daga inda kake tsaye. Saboda haka wurin tsayawa ake fara zaɓa, sannan a nemo lens ɗin da ya dace da wurin.

Abubuwan da za ka tanada

Kyamararka da lens ɗin da ta zo da shi, wanda yawanci 18-55mm ne. Tef na awo, ko na tela ya wadatar. Tocila mai ƙarfi, ta waya ma ta yi. Katin ajiyar hoto naka na kanka, don gwajin lens a shago. Kwamfuta ko wani allo babba, domin ƙaramin allon bayan kyamara yana ɓoye aibi. Tsohuwar jarida da salatif. Sai aboki mai haƙuri da zai yarda ya tsaya maka kana ɗaukarsa kana sakewa.

Mataki na 1: San girman sensar kyamararka

Lambar da ke jikin lens, 24mm ko 35mm, ba ta faɗa maka faɗin da za ka gani sai ka san kyamarar da za a ɗaura shi a kai. Kyamarori masu babbar sensa, waɗanda 'yan kasuwa ke kira ful firam, irin su Canon 5D da 6D, Nikon D750 da Sony A7, sensarsu milimita 36 ce a faɗi, 24 a tsayi. A kansu ake yin lissafin da kowa ke magana da shi: 35mm yana ganin kusurwar digiri 63, 28mm digiri 75, 24mm digiri 84. Amma akasarin masu farawa ƙaramar sensa ce a hannunsu, wadda ake kira APS-C. A nan sai ka ninka lambar: sau 1.5 a Nikon da Sony da Fujifilm, sau 1.6 a Canon. Masu Olympus da Panasonic na tsarin Micro Four Thirds su ninka sau 2.

Rashin yin wannan lissafi ya cinye wa mutane kuɗi. Wani ya ji ana yabon 35mm, ya je ya sayo Nikon 35mm f/1.8G DX ya ɗaura a D5300, ya tarar ɗakin bai ƙara faɗi ba. Ba zai ƙara ba, domin 35 sau 1.5 ya haura 52, wato lens na tsaka-tsaki ya saya. Lens ne mai kyau, amma ba mai faɗi ba ne a kyamararsa. Wanda ke son ganin 35mm a ƙaramar sensa, 23mm ko 24mm zai nema. Duk lambar da na ambata daga nan gaba ta babbar sensa ce, sai inda na ce akasin haka.

Mataki na 2: Gano tazarar da fuska ke zama daidai

Wannan shi ne ginshiƙin komai, kar ka tsallake shi. Daga tsinin hanci zuwa kunne akwai zurfin santimita 10 zuwa 12. Idan kyamara tana rabin mita daga hanci, kunne yana nesa da ita da fiye da kashi 20 cikin ɗari a kan hancin, don haka hanci ya kumbura, kunnuwa su ƙanƙance su koma baya, goshi ya turo. Ka ja baya zuwa mita ɗaya, bambancin ya ragu zuwa wajen kashi 12. A mita biyu, wajen kashi 6 ne, ido ba ya ma kula da shi. Wani bincike da aka yi a Amurka, wanda mujallar JAMA Facial Plastic Surgery ta buga a 2018, ya lissafa cewa hoton da aka ɗauka daga inci 12, kimanin santimita 30, yana ƙara wa hanci girma da kusan kashi 30 cikin ɗari, alhali daga ƙafa biyar, mita ɗaya da rabi ke nan, kusan babu wani ƙari. Abin da ke faruwa ke nan duk lokacin da mutum ya miƙa hannu ya ɗauki kansa da waya.

Gwada da hannunka don ka yarda. Zaunar da abokinka, ka auna mita biyu da tef, ka tsaya a nan. Ɗauki hoto a 18mm, ka murɗa zum zuwa 55mm ka sake ɗauka ba tare da ka ɗaga ƙafa ba. A kwamfuta ka yanko fuskar daga hoton farko ka ajiye kusa da na biyu. Fuska ɗaya za ka gani, hanci ɗaya, kunne ɗaya. Yanzu koma 18mm ka matso har fuskarsa ta cika hoton. Wannan na uku shi ne wanda zai ce ka goge.

To me ya sa ake zargin lens mai faɗi? Saboda yana jan mai hoto zuwa gaba. Ka leƙa ka ga mutum ya yi ƙanƙane a tsakiya, ƙafarka ta matsa da kanta. Dokar da nake ba yarana ita ce kada kyamara ta kusanci fuska ƙasa da mita ɗaya da rabi, sai da dalili. Wannan doka tana da sakamako: daga wannan tazarar, 35mm da aka riƙe a kwance yana ɗaukar faɗin mita ɗaya da rabi da tsayin mita ɗaya, wato mutum daga kai zuwa ƙugu da abin da ke kewaye da shi. Hoton kai da kafaɗa, irin na fasfo ko na kwalliyar amarya, ba aikin lens mai faɗi ba ne ko kusa. Wannan na 85mm ne, ko 50mm a ƙaramar sensa.

Mataki na 3: Auna wurin da kake aiki, ka fitar da lamba

Dalilai biyu ne ke sa a nemi faɗi a hoton mutane. Na farko ƙuncin wuri: ɗakin amarya da kayan gado sun cinye rabinsa, zaure, shagon tela, falon da ake kamu. Na biyu shi ne son nuna mutum tare da duniyarsa, marini a bakin rijiyar baba a Ƙofar Mata, maƙeri da zuga-zugansa, malami a tsakiyar littattafansa. Arnold Newman na Amurka shi ya yi suna da irin wannan hoto. A wanda ya ɗauki mai tsara kiɗa Igor Stravinsky a 1946, mutumin yana can ƙasa a kusurwar hagu, murfin fiyano ya mamaye sauran filin, kuma ko wanda bai san shi ba ya san sana'arsa. Idan ba ɗaya daga cikin dalilan nan biyu ke damunka ba, ajiye kuɗinka.

Lissafin ba wuya. Ninka tazararka da 36, ka raba da faɗin abin da kake son ya shiga, duk a mita. Mai ƙaramar sensa ya sa 23.5 a madadin 36, mai Canon ya sa 22.3. Misali ɗaki mai zurfin mita uku da rabi. Mutanen sun baro bango da rabin mita, kai ma jikinka ya ci rabin mita, saura mita biyu da rabi. Mutum takwas a layi ɗaya suna cin wajen mita huɗu, da ɗan fili a gefe huɗu da rabi. Lissafi ya ba ka 20mm. Kada ka ruga kasuwa neman 20mm. Mai da su layi biyu, huɗu a zaune huɗu a tsaye, faɗin ya dawo mita uku har da filin gefe, lissafi ya ba ka 30mm, wato 28mm ya gama aikin. Kujeru huɗu sun hutar da kai sayen lens.

Ga dalilin da nake ƙyamar wuce gona da iri. Lens mai faɗi, domin ya riƙe layin bango da ƙofa a miƙe, yana jan duk wani abu mai kauri da ke gefen hoto. Kan mutumin da ke can bakin firam yana faɗaɗa da wajen kashi 12 cikin ɗari a 35mm, 19 a 28mm, 25 a 24mm, har kashi 50 a 16mm. Wannan ita ce ƙibar gwaggo. Ba aibin ƙira ba ne, lens na miliyoyi ma haka yake yi, kuma maɓallin gyaran lens na manhajar Lightroom ba ya cire ta. Abin da maɓallin ke gyarawa daban ne, wato lanƙwasar layi da ke sa bango ya yi ciki. Mutane suna cakuɗa biyun, su sayi 16mm da niyyar wai za su gyara a kwamfuta.

Ra'ayina ke nan ba tare da kwana-kwana ba. Ga mai hoton mutane, 35mm shi ne gida: mutum ɗaya a tsaye da babbar riga yana shiga daga mita biyu idan ka riƙe kyamara a tsaye, alhali 50mm na buƙatar kusan mita uku, 85mm kusan biyar. 28mm na taro ne a ƙaramin ɗaki. 24mm shi ne iyaka, kuma sai hannu ya faɗa. Abin da ya yi ƙasa da 20mm na gine-gine ne da filin hawan sallah. Wanda ake kira idon kifi kuwa, ya mai da fuska kamar wadda ake gani a bayan cokali, ka bar wa masu hoton barkwanci.

Kafin ka yanke hukunci, buɗe tsofaffin hotunanka a kwamfuta, kowanne yana ɗauke da lambar da aka ɗauke shi. Duba waɗanda ka fi so. Sannan ka tsayar da zum ɗin 18-55 a lambar da kake shirin saya, ka liƙe shi da salatif, ka yi mako guda kana aiki haka. Idan ka ji kana neman ɓalle salatif ɗin kullum, lambar ba taka ba ce.

Mataki na 4: Yanke shawara kan ƙofar haske da zum

Lambar f tana nuna girman ƙofar da haske ke shiga. Ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Lens ɗin da ke zuwa da kyamara yawanci yana farawa daga f/3.5. Na f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki huɗu a kan haka, kuma a ɗakin da taga ɗaya ce, ga wuta an ɗauke, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dalilin sayen lens mai babbar ƙofa ke nan. Wanda kuwa ke fatan bayan hoto ya narke ya yi dishi-dishi yadda yake gani a hotunan 85mm, zai sha takaici. A mita biyu, 85mm a f/1.8 yana fitar da zurfin santimita 6 kacal tas, sauran ya dusashe. 35mm a f/2 yana fitar da kusan santimita 40. 24mm a f/2.8 ya haura mita ɗaya. Ma'ana, bokitin da ke bayan amarya da wayar caji da ke rataye a bango za su fito. Da lens mai faɗi, hannu ake sawa a kwashe tarkace kafin a danna.

Shin f/1.4 ya cancanci kuɗinsa? Sigma 35mm f/1.4 Art, wanda ya fito a 2012, ya yi farin jini a wurin masu hoton biki, kuma ya cancanta. Amma nauyinsa giram 665 ne, alhali Canon 35mm f/2 IS wajen rabin haka ne. Wanda zai wuni a tsaye daga ɗaurin aure zuwa dina ya yi tunani. Ga kuma taro mai layi biyu, dole ka tsuke ƙofa zuwa f/4 ko f/5.6 don na baya su fito, a nan tsadar f/1.4 ba ta yi maka komai ba. A ganina f/1.8 ko f/2 ya ishi mai farawa.

Zum yana da rana a biki, inda ba ka da ikon cewa a dakata. Hatsarinsa shi ne hannu yana zarcewa ƙarshen faɗi ba ka sani ba. Lens marar zum ya fi sauƙin nauyi da kuɗi, kuma yana tilasta maka sanin tazara. Ga masu ƙaramar sensa, Canon EF-S 24mm f/2.8 STM ɗan falle ne mai araha da ke ba da ganin 38mm. Sigma 18-35mm f/1.8 yana ba da wajen 27 zuwa 52 a Nikon, sai dai yana da nauyi. Fujifilm na da 23mm f/2. Sigma 16mm f/1.4 da ake yawan gani a kan Sony ganin 24mm yake bayarwa, masu bidiyo suna sonsa, amma ga fuska yana kan iyaka. Na'urar hana girgiza da ke cikin wasu lens tana rage rawar hannunka ne kawai, ba ta tsayar da yaron da ke motsi. Riƙe gudun shota a 1/125 ko sama.

Mataki na 5: Tabbatar bakinsa ya shiga kyamararka

Lens ɗin Canon mai alamar EF-S ba ya shiga 5D ko 6D. Na Nikon mai DX yana shiga babbar sensa amma sai kyamara ta yanke gefen hoton. Nikon na da 35mm f/1.8G iri biyu masu kama da juna a suna, na DX da na babbar sensa mai alamar ED, ka karanta jikin da kyau. Jerin D3000 da D5000 ba su da injin fokas a jikinsu, don haka tsofaffin lens masu alamar AF-D sai dai ka murɗa da hannu. Haka ma a kan adaftar FTZ ta sababbin Nikon Z. A Sony, bakin A da bakin E daban suke. Je da kyamararka shago, kada ka aika.

Mataki na 6: Gwada kafin ka biya, musamman na hannu

Cire murfi biyun, haska tocila ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura kaɗan ba ta komai, babu lens ɗin da ya ga hunturu da ba shi da ita. Abin gudu shi ne funfuna, farin zare mai rassa a cikin gilasai, da hazo mai kama da tururi. Funfuna tana cin fentin gilashi, kuma kayan da suka daɗe a gari mai laima su suka fi kamuwa. Idan ka gan ta, ko an rage maka rabin kuɗi ka wuce, araha ba ta ado. Karce a gilashin baya ya fi na gaba illa. Duba ganyayen ƙofar haske su kasance a bushe, babu maiƙo.

Liƙa jarida a bango, ka tsaya daidai gabanta, ka buɗe ƙofa gaba ɗaya ka ɗauka. Kwatanta kusurwoyi huɗu. Idan duka sun ɗan yi laushi daidai wa daida, hali ne na lens. Idan ɓangare ɗaya ya fito tas ɗayan ya dusashe, lens ɗin ya taɓa faɗuwa ko an haɗa shi a karkace, kuma a hoton taro mutanen gefe guda ne za su biya. Sa fokas a idon abokinka daga mita ɗaya da rabi, ka ɗauka sau da yawa, ka duba ko idon ne ya fito ko kunne. Kyamarori masu madubi a ciki suna da wannan matsala da wasu lens. Tsayar da shi a farar shadda gaban taga mai rana, ka duba gefen rigar ko akwai layin shunayya, ka ga ko hoton ya wanke ya rasa kauri. A ƙarshe ɗauke shi sau uku daga wuri ɗaya: a tsakiya, a sulusin firam, a can gefe. Nan za ka ga inda lens ɗin ke fara jan fuska, kuma iyakarka ke nan daga ranar.

Mataki na 7: Koyi riƙe shi

Riƙe kyamara a miƙe, kada ta kalli sama ko ƙasa. Ga mutum a tsaye, sauko da ita daidai ƙirjinsa ko cikinsa. Ka durƙusa idan ta kama. Ɗauka daga tsayin idonka kana karkato ta ƙasa shi ke haifar da ƙaton kai da guntun ƙafa. Karkata ta sama kuma yana tsawaita ƙafa ya ƙanƙantar da kai, bango ya kwanta baya. Duk abin da ya fi kusa da lens shi zai fi girma: gwiwar wanda ke zaune, takalmi, hannun amarya mai lalle idan ta miƙo shi. Ana iya yin haka da gangan. Mai hoto Platon ya ɗauki Bill Clinton daga ƙasa don bangon mujallar Esquire a 2000, hannayensa a kan gwiwoyi sun yi manya-manya, hoton ya jawo surutu. Shi ya san abin da yake nema, kuma ba surukai zai kai wa albam ba.

A taro, bar fili a gefe biyu ka yanke daga baya. Sa yara da sirara a ƙarshen layi, dattawa da masu jiki a tsakiya; ladabi ma haka ya ce. Filasha ta saman kyamara yawanci tana haska faɗin 24mm ne, abin da ya wuce haka sai an zaro faifan da ke gabanta, in ba haka ba gefe ya yi duhu; gara ka harba ta silin idan fari ne. Ƙaramar filashar jikin kyamara kuwa takan jefa inuwar hular lens a ƙasan hoto, sai ka cire hular idan za ka kunna ta. A waje mai da hular, domin lens mai faɗi yana saurin kwaso rana. Filta guda siririya ta isa kariya, idan ka jera biyu kusurwoyi za su yi baƙi. Da hunturu ka hure ƙura da abin hura iska kafin ka sa ƙyalle, kada ka goge da bakin riga. Da damina kada lens ya kwana cikin jaka mai danshi. Ajiye shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin silika masu tsotse laima, ka riƙa gasa su a wuta marar ƙarfi ko ka canza su idan sun ƙoshi.